Ƙonannen Waken da Ya Kashe Min Aure

Salamu alaikum 'yan uwa. Wash! Ku bari in miƙe ƙafa tukuna. Yau kwana arba'in da bakwai ke nan rabona da barcin da za a kira barci. Bayana kamar an yi sussuka a kai, biron nan ma da ƙyar yatsuna suke riƙe shi. Amma in ban juye muku abin da ke cikina yau ba, fashewa zan yi. A gidan nan ba wanda zan faɗa wa. Kun san jaririyata 'yar fari ce, ko kallonta na cika yi sai Iya ta ce, "Ke Sa'a, wai ba ki da ta ido ne?"

To ku dai ba Iya ba ne, don haka ku ji: duk Bunkure ba jaririyar da ta kai tawa kyau. Ruƙayyatu. Kun ga na faɗi sunan, ƙasa ba ta tsage ba. Shekaranjiya ta yi min murmushi, wallahi har da ɗan ramin kumatu. Iya ta ce ciwon ciki ne. Ni na san ni ta yi wa.

Wanda yau ya fara karanta ni, sunana Sa'a, a aji biyar na tsaya, in kun ga rubutu ya karkace ku yi haƙuri. Uban yarinyar sunansa Dalhatu. E, na faɗa! Da, ko wuƙa aka sa min a wuya ba zan kama sunan nan ba. Amma tunda ba aure tsakaninmu, sunan ya zama na kowa, ni ma ina da rabo.

Dalhatu makanikin injin ban-ruwa ne a Kadawa. Shekara huɗu yana bin wani injiniya Baturen Italiya da ake ce wa Mai Gemu, yana riƙe masa sifana. Baturen ya koya masa gyaran famfo, ya kuma koya masa shan wani baƙin gahawa mai kauri, ɗan mitsitsi a finjali, wai shi isfireso. Bara da Baturen zai koma ƙasarsu, ya bar masa butar dafawar da gwangwani guda na 'ya'yan gahawa. Butar ƙarfe ce mai hawa biyu, ƙugunta a tsuke kamar kalangu. Ruwa a ƙasa, gari a tsakiya, in ta ji wuta gahawan ya hau sama da kansa yana gurnani. Dalhatu ya ɗora su can saman kabad, ya ce, "Waɗannan na ranar farin ciki ne." Bai ce min komai ba bayan haka. Ni kuma ban tambaya ba.

Ran nan ina da ciki wata bakwai, kwaɗayin gyara ya kama ni. Na share ɗaki, na wanke kwanukana, na hau kujera na sauko da gwangwanin. Ina buɗewa na ga wake baƙi ƙirin, ya ƙone ƙurmus, ga wani wari da ya hautsina min ciki. Na ce, Allah sarki, Bature ya cuci bawan Allah, ya ba shi ƙonannen wake yana ta ɓoyo. Na je na watsa shi a kanal ɗin ban-ruwa da ke bayan gida. Na wanke gwangwanin, na cika masa da farin wake mai kyau, zaɓaɓɓe, na gonar Babanmu. Ita ma butar na dirje ta da toka da yashi har tana ɗaukar ido. Na yi wanka, na ɗaura atamfata mai ganyen kuka, na zauna jiran yabo.

Ya dawo a gajiye, injin ya ƙi tashi tun safe, shugabansu ya wanke shi tas a gaban leburori. Na miƙa masa gwangwanin ina murmushi.

"Mene ne wannan?"

"Wake. Na canza maka mai kyau."

"Ina na ciki?"

"Ai ya ƙone. Na zubar a kanal."

Ya kalle ni, ya kalli waken. "A kanal."

"To ƙonannen wake me za a yi da shi? Ko akuya ba ta ci."

"Sa'a, tashi ki tafi gidanku. Na sake ki saki ɗaya."

Shi ke nan fa. Aure na shekara ɗaya da wata biyu, ya bi ruwa ya tarar da waken.

Kowa ya ce in kwantar da hankali, saki ɗaya ne, muddin ban haihu ba kalma ɗaya zai faɗa in koma ɗakina. Shi ma ashe haka ya lissafa. Aka tura shi Tiga gyaran injin na sati uku, ya ce in ya dawo zuciya ta huce, ya zo biko. Ita kuma hajiyar tawa da ke ciki ba ta da labarin lissafinsa. Wata takwas ta diro. Liman ya ce haihuwa ta yanke idda, yanzu Dalhatu da kowane namiji a titi ɗaya suke. In yana so, ya shigo layi, ya nema daga farko.

Ya shigo kuwa. Ya kawo ragon suna, ya kawo itacen wanka amalanke biyu, ya tsuguna a gaban Baba har gwiwarsa ta yi fari. Baba, wato Malam Iliyasu mai alkama, ko kallonsa bai yi ba.

"Mutumin da zai saki mace da tsohon ciki a kan wake," in ji Baba, "gobe a kan gishiri zai saki. Ban hana ki ba Sa'a, bazawara ita ke da bakinta. Amma albarkata ba ta bin wannan hanya."

Ku gaya min, wace ce za ta shiga ɗaki ba albarkar uba?

Ana cikin haka sai ga Maikuɗi. Dillalin tumatir ne a Kadawa, matarsa ta rasu bara, yana da akori-kura shuɗiya mai hon kamar kukan jaki. Ban ce mugu ne ba. Duk zuwa da kwandon tumatir, har Iya ta gaji da yanka tana shanyawa, rufin ɗakinmu ya yi ja wur. Sai dai hirarsa ɗaya ce: kwando ya tashi, kwando ya faɗi, motar Legas ta makale a Jebba. Ran da ya ga Ruƙayyatu cewa ya yi, "Masha Allahu, ja-wur kamar 'yar Roma," irin tumatir fa yake nufi. 'Yan uwan Baba kuwa duk sun koma bayansa. Gwaggo ta ce, "Ki rufa wa kanki asiri, mai mota ne." Ba wanda ya faɗi ɗaya zancen, amma ni kullum shi nake juyawa ina zaune a bakin tukunyar wanka: in na auri Maikuɗi, ranar da aka yaye yarinyar nan gidan ubanta za a kai ta. In tashi da safe ba ta kusa da ni. Ruwan zafin da Iya take fyaɗa min da ganyen darbejiya bai kai wannan tunanin ƙuna ba.

Na gaji, 'yan uwa. Na gaji da wanka safe da yamma, na gaji da kunun kanwa, na gaji da yajin jego da har gumina ƙamshinsa yake, na gaji da masu zuwa barka suna ƙarewa da shawara. Baba ya ce ranar Juma'ar farko bayan arba'in zai ba Dalhatu amsa ta ƙarshe a gaban kawunsa. Ya kuma hana ni fita zance da shi, ya hana ni aika masa ko gaisuwa.

Ana gobe arba'in, Saloma ta shigo. Maƙwabciyarmu ce, Maman Agnes nake ce mata, matar Titus direban tarakta, mutanen Pankshin ne. Ta yi shekaru tana dafa abinci a kwatas ɗin injiniyoyi, har gidan Mai Gemu ta yi aiki. Ta gaida Iya, ta ɗauki jaririya ta yi mata rawa, sannan ta turo min wani ƙunshi da ƙafa ƙarƙashin gado. Da Iya ta fita na kwance. Butar ce, da takarda a cikinta, an yago daga littafin aikinsu, har da tabon baƙin mai.

"Zuwa ga Sa'a. Gaisuwa mai yawa tare da fatan kina lafiya ke da yarinya. Bayan haka, ga abin da ya raba mu. Ki jefa ta inda kika jefa waken. Tun ranar ban ƙara sha ba kuma ba zan ƙara ba. Farin waken da kika zuba min yana nan, ban ci ba, ban bayar ba. Ni ne mai laifi, Dalhatu."

Na karanta sau huɗu. Na yi kuka kaɗan, ba da yawa ba, don ƙarfin kukan ma babu.

"To sai ki jefa," in ji Saloma. "Ko in jefa miki a hanya?"

"Maman Agnes, in na jefa, duk ranar da ya ga finjali ni zai tuna da ɓacin rai. Ni ba na son mijin da na raba da abin da yake so."

"To me kike so?"

"Baba ya hana ni magana da shi. Bai hana ni ba baƙo abin sha ba."

Ta dube ni, ta tuntsire da dariya har ta tashi yarinya. "Ke! Ashe ruwan zafin nan bai dafa miki ƙwaƙwalwa ba. Amma ki sani, waken nan ba a Bunkure yake ba, ba a Kura ba. Sai birni."

"Ai yawon arba'in zan fara. Akwai Gwaggo a Kumbotso."

Ran Litinin na sa leshina ruwan hoda na suna, na ɗaura kallabi, na goya hajiya da sabon zani, na yafa gyale. Iya ta ce Saloma ta raka ni tunda ita ƙafarta na ciwo. Ta bi mu da kallo har ƙofa, ta ce, "Uhm." Muka shiga mota a bakin titi, mu da kwandunan albasa. Gidan Gwaggo minti ashirin muka yi, ta shafa kan yarinya, ta ba da sabulu, ta fara zancen mai mota, muka ce rana na yi. Daga nan sai kasuwar Kurmi.

Wayyo ƙafata. Lungu ya shiga lungu, ga zafi, ga goyo, ga nono ya cika. Sai can cikin masu kayan ƙamshi Saloma ta tsaya gaban wani tsoho mai farin rawani, yana zaune tsakanin buhunan citta da kanumfari.

"Baba, 'ya'yan gahawa muke so. Ɗanye."

Ya jawo ƙananan buhu uku ya buɗe. Ni na zaci baƙi zan gani. Ashe ɗanyensa ba baƙi ba ne, suya ce ke mayar da shi haka. Nan na ji kunya ta rufe ni tun daga ƙafa. Wato abin da na kira ƙonanne, soyayye ne, gyararre, an gama masa komai.

Buhun farko manya-manya ne, farare tas. Na biyu 'yan dogaye, launinsu kore-kore kamar ɗanyen ganye da ya fara bushewa. Na uku ƙanana, kewayayyu, ba kyan gani. Ni 'yar manomi, tun ina ƙarama Baba ya koya min zaɓen iri: ɗauki babba, ɗauki fari. Na damƙi na farko.

"Wannan za a auna."

Saloma ta buge min hannu. "Shuka za ki yi? Shinshina."

Na shinshina. Ba komai, sai ɗan warin tsohon rumbu.

"Ciza."

Na ciza, ya ɓare sakwaf kamar ɓawon gyaɗa.

"Ya kwana biyu a duniya," in ji ta. "Farin nan ba kyau ba ne, tsufa ne. Duba nan, ga ƙofar ƙwaro. In kika dafa wannan, ruwan buhu za ki ba mutum."

Tsohon ya yi gyaran murya. "'Yar nan, kin zo saye ne ko kin zo tonon asiri?"

"Baba, ai kai ka san na faɗi gaskiya. Wa kake ajiye wa wannan?"

"Masu gaggawa," ya ce, yana dariya cikin gemu.

Ta ɗebo na biyu ta zuba min a tafi. "Wannan na kan dutse ne, daga Mambila, inda sanyi yake. Dubi tsagar cikinsa, a karkace take kamar hanyar maciji. Ciza."

Na ciza, haƙorina ya ce ƙas. Kamar tsakuwa.

"Yawwa. Ya bushe daidai, kuma na bana ne. Shi ke da ƙamshi, shi ke da ɗan zaƙi-zaƙi a bayan harshe. Wancan ƙaramin kuma na kurmi ne, tsagarsa a miƙe. Ɗaci gare shi kamar maɗaci, shi kaɗai ba ya shawuwa."

"To a bar shi mana."

"A'a. Shi ke kawo kumfa a sama, shi ke ba shi nauyi. Mai Gemu uku yake sawa na dutse, ɗaya na kurmi. Ya ce in ba mai ɗacin, mai ƙamshin ba ya tsayuwa da ƙafarsa."

Tsohon ya ce, "Wa za a dafa wa haka, da ake wannan bincike kamar za a ba da aure?"

Na ja gyale na rufe fuska. Saloma ta ce, "Ai auren ne, Baba." Ya ƙara mana ɗan hannu guda gyara, ya ce Allah ya daidaita.

Ba mu bar wurin ba sai da ta sa na zauna a kan buhu, ina ba yarinya nono ƙarƙashin gyale, ina tsince waken ɗaya-ɗaya a faifan tsohon. Mai huda, waje. Fasasshe, waje. Baƙi, waje. Ta ce ƙwaya ɗaya ruɓaɓɓiya tana ɓata buta guda. Muka iso gida bayan la'asar, ƙafafuna sun kumbura kamar na mai ciki. Iya ta ce, "Gwaggon taku ta koma Zariya ne?" Na ce mota ce ta lalace. Ta ce, "Uhm."

Talata muka soya a gidan Saloma. Na zo da yashi a kwano, irin na suyar gyaɗa, ta ce in mayar. Kasko kawai, ba mai, ba yashi, wuta kaɗan, juyawa ba tsayawa. Hannuna ya yi kamar zai cire. Waken ya yi ruwan ƙasa, ya fara ƙas-ƙas kamar gugguru. Na ce a sauke. Ta ce saura. Ya yi shiru, can ya sake wata ƙara siririya, ta ce, "Yanzu!" Muka juye a faifai muna fifita. Da ya huce na kalle shi: sak wanda na watsa a kanal. Ta ce a bar shi ya kwana uku a rufe, kada a daka sai ranar sha, kuma dakan kada ya yi laushin garin tuwo, kada ya yi tsaki, ya zama kamar lallausan yashin bakin kanal. Ta nuna min yadda ake cika butar sau uku da ruwa zalla har na iya.

Jiya Juma'a. Tun asuba hajiya ta tashi da rigima, ta ƙi kwanciya, ta ƙi goyo, sai a hannu. Saloma ta tafi Kura asibiti da ɗanta. Ga waken a ƙulle, ga rana tana tafiya, ni ko tsayuwa da ƙyar nake yi. Na zauna a bakin ƙofa da ƙullin a cinya, hawaye na zuba, ban ma san na fito da shi fili ba.

Iya ta tsaya a kaina. "Mene ne wannan mai warin ƙauri da ya cika min ɗaki kwana uku?"

Na gaji da ƙarya. Na faɗa mata duka.

Ta miƙo hannu. "Kawo in daka miki."

"Iya, kada ya yi laushi sosai, kamar..."

"Ke za ki koya min daka?"

Ta zagaya bayan ɗaki, na ji lugude. Ta dawo da gari a ƙaramar tasa, daidai yadda Saloma ta ce. Na kai hanci na yi atishawa biyu, na ce ƙarfinsa ne. Zan ɗanɗana ta ce, "Kul! Mai shayarwa ba ta shan ɗaci, sai ki ɓata wa yarinya nono."

Bayan an sauko masallaci suka zo. Ina jin muryoyinsu a zaure: Baba, da Kawu Maharazu, ƙanin mahaifiyar Dalhatu, da shi. Na kunna risho, na zuba ruwa a ƙasan butar, na cika mazubin da gari ban danna ba, na murɗa, na ɗora. Na tsuguna ina kallonta kamar mai jiran sakamakon asibiti. Can ta fara gurnani. Na ɗaga murfi, ga shi yana bulbulowa baƙi, da 'yar kumfa ruwan zuma a kai. Na sauke. Iya ta karɓi yarinya ba tare da na roƙa ba. Na ɗora butar da finjali uku a tire, na yafa mayafi.

Na tarar Baba ya riga ya fara. "...don haka Maharazu, ba raini ba ne, amma ni abin da na gani..."

Na yi sallama na durƙusa. Baba ya haɗe rai. "Wa ya kira ki?"

"Abin sha na kawo wa baƙi, Baba."

Sai a lokacin na saci kallon Dalhatu. Ya rame, wuyansa ya yi tsawo. Kaftanin da ke jikinsa ruwan toka ne, wanda na taɓa ɗinke masa aljihu da baƙin zare don ba ni da fari. Idonsa na kan butar. Ya kalle ta, ya kalle ni, ya sunkuyar da kai. Ya gane.

Na tsiyaya. Kawu Maharazu ya ɗaga hannu. "Ni gyambon ciki gare ni, 'yata, a kai kasuwa." Baba ko motsi bai yi ba. Dalhatu ya ɗauki nasa da hannu biyu, ya yi bismilla, ya kurɓa.

Ya tsaya.

Na ga maƙogwaronsa ya hau ya sauka. Idonsa ya kaɗa ya yi ja, gumi ya tsattsafo a goshinsa, hancinsa ya fara zuba. Na ce a raina, Allah sarki, daɗi ne ya sa shi kuka. Ya ƙara kurɓa. Ya shanye tas, ya ajiye finjalin a hankali.

"Yaya?" in ji Kawu.

"Alhamdu lillahi." Muryarsa ta shaƙe kamar mai mura. "Wanda ya zaɓi waken nan ya iya zaɓe. Suyar ma ta yi. In da saura a ƙara min."

Na ƙara masa, zuciyata fari ƙal. Ya shanye na biyu, hawaye har gemu.

Baba dai manomi ne, ba ya ganin abu bai gwada ba. Ya ce, "Miƙo in ji abin da ya fi 'yata daraja." Ya ɗauka ya yi babbar kurɓa.

Jama'a! Baba ya furzar har kan buzunsa. Tari ya sarƙe shi, hularsa ta faɗo, yana ta fifita baki da hannu. "Ruwa! Ke, ruwa! Innalillahi! Wannan ai wuta ce!" Na ruga na kawo moɗa, ya shanye, yana huci. Ya juya kan Dalhatu. "Kai! Wannan azabar ce ka saki 'yata a kanta?"

"A'a Baba. Shi gahawa ɗaci ne da shi kawai. Wannan akwai barkono a ciki. Da masoro. Ina jin har da citta."

Turmi biyu ne a gidanmu, babba na hatsi, da ƙarami wanda kwana arba'in ana daka yajin jegona a ciki. Na ce shi ke nan, na sake yin ɓarna. Na farko na zubar masa, na biyu na ƙona masa baki a gaban kawunsa. Duk tafiyar, duk tsintar, duk kumburin ƙafar. Na fashe da kuka a wurin, ba kunya.

Baba bai kalle ni ba. Dalhatu yake kallo.

"Tun kurɓar farko ka ji barkonon?"

"Na ji, Baba."

"Ka shanye."

"Na shanye."

"Har ka nemi ƙari. Don me?"

Dalhatu ya share hanci da hannun riga. "Baba, sau ɗaya na taɓa buɗe baki a kan gahawa. Wanda na yi ɗin ya ishe ni har in mutu."

Baba ya ɗauki hularsa, ya kakkaɓe, ya mayar. Ya ɗauki finjalin ya leƙa ciki, ya ajiye.

"Maharazu."

"Na'am, Malam."

"Juma'a mai zuwa ku zo da goronku." Ya nuna Dalhatu da yatsa. "Kai kuma, wallahi ko guba ta dafa maka, ka zo nan ka faɗa min, ni zan yi mata faɗa. Kada ka ƙara yanke hukunci da gajiya a jikinka."

"In Allah ya yarda, Baba."

"Ke kuma tashi ki ba mutane wuri, kin cika mana kunne. Ki kawo masa nono ya kashe wutar nan."

Na shiga gida da gudu-gudu, rabi kuka rabi dariya. Na tarar da Iya zaune a tabarma, ta ɗora 'yar jikarta a cinya tana mata wasa, abin da ba ta yi a gabana.

"Iya! A turmin yaji kika daka! Kin manta ne?"

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Shekara talatin ina daka a gidan nan. Ni ce zan manta turmin yaji?"

"To ai..."

"Turmin kaɗai ba ya isa. Sai da na ƙara cokali biyu." Ta gyara wa yarinya hula. "Ke kina can kina zaɓen wake, ciza wannan, shinshina wancan. Ni ba zan ciza nawa in ji ba kafin in ba shi 'yata karo na biyu? Ubanki kuma ba ya jin magana, sai abin da harshensa ya gaya masa."

Na zauna daɓas a ƙasa. Ashe duk "uhm" ɗin nan da take yi, karatuna take.

To kun ji labarin. Ruƙayyatu ba inda za ta, ni da ita ɗaki ɗaya har ta yi wayo. Sunan nan kuma da na yi ta faɗa muku tun ɗazu, ku riƙe shi da kyau, don daga Juma'a ba za ku ƙara jin sa a bakina ba. Ya koma "mai gidan". Ya aiko Saloma da safen nan, wai leɓensa ya kumbura, wai kuma farin waken nan da na zuba masa shi za a dafa ranar da na koma.

Na so in ɗan runtsa yanzu tunda hajiya ta yi barci. Amma tsaya. Kun ji? Hon ne, kamar kukan jaki, a ƙofar gida. Ba wanda ya gaya wa Maikuɗi komai, Baba kuma ya tafi gona ban-ruwan alkama. Ina jin ana sauke kwando.

Ga Iya nan ta leƙo, tana gyara ɗaurin zani.

"Sa'a, ajiye biron nan. Akwai sauran garin jiya a tasa. Ɗora butar, baƙo ya zo."